Sarkin Tambaya, Wanda Ya Bi Kayansa Har Bayan Ƙofa

Kafin sauran masu shaguna a layin 'yan kwamfuta su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya iso. Ba ya fara kunna fitila. Yakan buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta, ya ja numfashi a hankali kamar mai neman inda ɓera ya mutu, sai ya tabbatar babu ƙaurin roba sannan ya shiga. Daga nan ya bi soket ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa, ko zai ji mai ɗumi. In ya gama ya share ƙasa, ya goge teburin aiki, ya jera sukundirebobinsa daga ƙarama zuwa babba, ya zauna yana jiran masu saye.

Maƙwabciyarsa mai sayar da caja ba ta gajiya da tsokanarsa. "Baba, yau ma hancin ne ya riga ka shiga? Ko wani abin daɗi ka ɓoye mana a ciki?"

"'Yata, wuta ba ta sallama," yakan ce mata, kuma ba da dariya yake faɗa ba.

Dattijon nan da 'yan layi ke kira Sarkin Tambaya zai rufe shagonsa ƙarshen watan nan. Ido ya fara gazawa, hannun da ya yi shekara da shekaru yana ɗaure 'yan ƙananan notuna ya fara rawa. Ba a taɓa ba shi lambar yabo ba, ba a taɓa manna hotonsa a ko'ina ba, kuma da ta tasa za a bi, da wannan rubutun ma ba a yi shi ba. Amma akwai mutumin da ke numfashi yau a wani ɗaki na saman bene ta dalilinsa, don haka bai kamata a bar shi ya tattara kayansa ya tafi shiru ba.

Sarautar nan tasa ba gadonta ya yi ba, bakinsa ne ya jawo masa. In za ka sayi kwamfuta a wurinsa, ka shirya kamar mai zuwa gaban likita. Wa zai yi amfani da ita? Rubutu zai yi, ko zane, ko gem, wato wasan kwamfuta, zai buga? Zai daɗe a kanta ko leƙawa kawai zai riƙa yi? A wane ɗaki za ta zauna, da taga ko babu? Wutar gidan tana tsayawa ko rawa take yi? Akwai yara masu jan waya? Masu gajen haƙuri kan tashi su koma shagon gaba, inda za a miƙa musu kwali a raka su da addu'a. Shi kuwa ko a jikinsa.

Mace mai buga takardu in ta zo da niyyar sayen babbar kwamfuta, sai ya hana ta. Ya ce ta sa ƙarfinta a kibod mai laushi da sikirin da ba ya cin ido, tunda yatsu da ido su ne jarinta. Da samari 'yan gem ake dagawa, domin su abin da ke ƙyalli suke so: akwati mai gilashi, fanka mai fitilu ja da shuɗi kamar gidan biki. Yakan bar su su gama zumuɗinsu, sannan ya ce, "Fitila ba ta buga gem. Katin hoto mai ƙarfi kake so, na ji. To ai acici ka sayo. Wa zai ciyar da shi?" Sai ya janyo akwatin wuta ya dire a gabansu.

Akwatin wuta, wanda 'yan layi ke ce wa fawa, wani ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ke can ƙasan kwamfuta inda ba mai kallo. Shi ke karɓar wutar bango ya daidaita ta ya raba wa kowane sashe. Ba ya ƙyalli, ba a nuna wa aboki shi, saboda haka a kansa kowa ke son yin rowa. Kuma ba a buɗe shi, domin kamfani na manna masa hatimi, in ka yage ka yage garanti. To ta yaya za a gane nagari da jabu? Tsofaffin hannu suna da dabararsu, wato ɗagawa. Nagari cike yake da tagulla da ƙarfe, yana da nauyi, jabu kuwa sakayau yake kamar gwangwanin da aka shanye. Baba yakan ɗora shi a tafin hannu, ya ɗan jijjiga, ya ce "wannan" ko ya ce "mayar". Duk layin an yarda hannunsa ya fi sikeli. Shi ma ya yarda, kuma a nan gizo ke saƙar.

Wata rana wata mata ta shigo da farin kayan asibiti, nas ce, daga aiki take, gajiya har a tafiyarta. Ta gaishe shi ta ce kwamfutar gem take so.

"Ta ɗanki ce?"

"Ta maigidana ce, Baba."

Ya cire tabarau ya dube ta. Sai ta ba shi labari. Mijinta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi, har ranar da motar ta kife da shi. Ya tashi da hannuwa lafiya, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu. Tun da aka sallamo shi yake zaune a kujera a ɗaki ɗaya, ya daina hira, ya daina tambayar abinci, sai kallon bango. Wata abokiyar aikinta ce ta nuna mata wani gem na tuƙin babbar mota, a ɗauki kaya daga wannan gari a kai wancan. Ta nuna wa mijin a waya, sai ta ga idonsa ya yi abin da ya daɗe bai yi ba.

Ranar tambaya ta ga tambaya. Baba ya ce wannan ba mutumin kibod ba ne, sitiyari za a nema masa, mai kaurin da hannun direba zai ji ya riƙe wani abu. Sai dai irin waɗannan da feda suke zuwa, ta ƙafa. Ya tashi ya zaga layin da kansa har ya samo mai 'yan mariƙai a bayan sitiyarin, birki da totur duk a yatsu. Ya zaɓi sikirin mai faɗi don mutumin ya riƙa ganin madubin gefe, da hedifon mai taushi wanda ba zai ci masa kunne ba in ya daɗe da shi.

"Ɗakin fa?"

"Saman bene ne. Taga ɗaya ce, da ƙarafunan tsaro."

"Wuta?"

"Tana nan, sai dai akwai mai walda a ƙasanmu. In ya kunna injinsa har fitila sai ta yi ja."

"To kada ki sa ta a doguwar wayar nan mai bakuna da yawa. A soket ɗin bango za ki jona kai tsaye."

"Na bangon yana bayan kabad, Baba."

"Ko a bayan dutse yake. Ki ja kabad ɗin ki jona, ki mayar da shi."

Ya tambayi hayaniyar unguwar saboda hedifon. Ta ce ban da walda akwai makaranta a bayansu, ƙararrawarta har cikin kai. Ya tambayi wa ke zama da mijin in ta tafi aiki. A nan ta sunkuyar da kai.

"Ba kowa. Kulle shi nake yi ta waje, da kwaɗo."

"Haba, 'yata."

"Baba, da ina barin ƙofar a buɗe. Wasu suka shigo da rana tsaka suka kwashe talabijin da abin da ya sawwaƙa, yana zaune yana kallonsu. Har sallama suka yi masa da za su fita. Ya yi kwanaki bai ce uffan ba. Shi ya ce in riƙa kullewa."

 Baba ya juya ya ɗauko akwatin wuta daga sabon kwalin da wani dillali ya kawo masa a makon, ya ɗaga, ya ji nauyinsa har wuyan hannu, ya ce, "Wannan." Ya haɗa kwamfutar a gabanta, ya gwada, ya taya ta sakawa a tasi. Ya ji tana ce wa mai tasin su bi ta gada. Bai karɓi lambar wayarta ba. Bai taɓa karɓar ta kowa ba, domin a cewarsa kayan kirki ba ya buƙatar a bi shi.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, ana tsakiyar zafi, sai ga wani mai ɗaukar hoto ya shigo rungume da kwamfutarsa, gefenta ya yi baƙi ƙirin. Shi ma daga kwalin nan aka sa masa akwatin wuta, kuma su biyu ne kawai suka samu daga ciki, shi da nas. Ya shiga ba da labari. Yana cikin haɗa wani dogon bidiyo, aiki mai nauyi, sai ya ji ƙauri. Ya kashe kwamfutar, ƙaurin bai tsaya ba. Sai tartsatsi, sai labule ya kama. Allah ya taimake shi soket na kusa, ya fizge wayar, ya yi ta dukan labulen da tawul.

"Na kashe ta fa, Baba. A kashe take ci."

"In dai wayar na jikin bango, akwatin wuta bai san an kashe ba."

Baba ya ciro akwatin ya yi abin da bai saba yi ba, ya yage hatimi ya kwance. Mai caja na tsaye a kansa, ita ta ba da wannan shaida. A ciki, inda ya kamata a ga tagulla, 'yan wayoyi ne sirara kamar gashi, a gefe guda kuma an manna dunƙulen siminti an shafe shi da baƙin fenti. Masu yin jabun sun san da zaman tsofaffi masu ɗagawa, don irin hannunsa suka zuba simintin.

Ya buɗe wani daga kwalin, siminti. Ya buɗe wani, siminti. Mai caja ta ga ya dafa tebur kamar zai faɗi. Ta ɗauka asarar ce ta buge shi, ta fara ba shi haƙuri. Sai ta ji ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ta waje take kullewa."

Abin a fili yake. Irin wannan akwati ba ya nuna halinsa sai an matsa masa, kuma babu abin da ke matsa wa kwamfuta kamar gem. Direba yana kan hanyarsa tun safe har matarsa ta dawo. Ƙofa da kwaɗo, taga da ƙarfe, ƙafa babu. Soket kuwa yana bayan kabad, inda shi Baba da bakinsa ya ce a jona.

Mai caja ta ce a bi asibitoci a nemi matar. Asibiti nawa ne a garin, nas nawa, kuma sunan wa za a ce ana nema? Baba ya bar shago a buɗe, abin da bai taɓa yi ba, ya tare mai babur ya ce masa gada.

Bayan gada gari ne guda. Benaye iri ɗaya, tituna iri ɗaya, ko'ina ka juya ƙarar walda. Abin da ke hannunsa bai wuce abin da matar ta faɗa masa ba: bene, mai walda a ƙasa, makaranta a baya. Mai waldan farko da suka tsaya wurinsa babu bene a kansa. Na gaba yana da bene, amma shaguna ne a sama. Wani ya ɗauka jami'in haraji ne, ya ƙi ko ɗage gilashin fuskarsa. Wani da aka tambaye shi ko ya san direban da ya yi haɗari ba ya tafiya, ya ce, "Baba, mu ƙarfe muka sani."

Rana ta take tsaka. Mai babur ya ce tsohon bai zauna daidai a bayansa ba ko sau ɗaya, kansa na sama yana bin tagogi, duk inda ya hango hayaƙi sai ya damƙe masa kafaɗa har ya ji a ƙashi. Suka bi wani baƙin hayaƙi a guje, ashe shara ake ƙonawa. Baba ya sauka ya tsaya a gaban jujin yana haki, bakinsa na motsi da addu'ar da ta ƙi fita. Tsoro iri-iri ne, amma mafi muni shi ne wanda zuciya ke nuna maka abin dalla-dalla. Yana ganin kujerar. Yana ganin bayan mutumin da bai taɓa gani ba, da hedifon ɗin da shi ya zaɓa masa don ya toshe duk wata ƙara. Yana ganin katifa a kusa da kabad.

"Baba, mu koma," in ji mai babur. "Wataƙila ma ba komai."

"Wataƙila. In ba komai, na ɓata maka rana. In da komai fa?"

Suna nan tsaye aka tashi wata makaranta a can bayan gidaje. Ƙararrawa ta kaɗa, mai kaifi, irin wadda ke shiga cikin kai. Baba ya ɗaga hannu ya ce a bi ta. Suka zaga katangar makarantar suka faɗa wani lungu, sai ga tartsatsin walda a ƙarƙashin wani tsohon bene.

Mai waldan ƙato ne, kunnensa toshe da auduga, ya duƙufa yana yankan ƙarfe. Sai da Baba ya kama masa riga sannan ya kashe injin.

"Akwai direba a sama? Wanda ba ya tafiya?"

"Mijin nas? Yana nan. Lafiya?"

Amma Baba ya riga ya ji. A ƙarƙashin warin walda akwai wani ƙauri dabam, na roba, mai ɗaci, yana saukowa ta matakala. Da shirun injin ya zauna kuma sai suka ji bugu a jikin ƙofa can sama, a hankali, kuma daga ƙasan ƙofar yake fitowa, inda mai tsayuwa ba ya bugawa.

"Kashe wutar gidan nan duka, daga mita. Maza. Ka taho da guduma."

Mai walda ya ce har yau bai san yadda tsohon ya riga shi hawa benen ba. Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Baba ya durƙusa ya kai bakinsa wurin ya ce, "Ɗana, ja baya daga ƙofar, mun zo." Tari kawai aka mayar masa. Guduma ta sauka a kan kwaɗo, ta sake sauka, ta sake. Kwaɗon na kirki ne, matar ba ta yi rowa a kansa ba, kuma kowane bugu Baba na jin sa a haƙarƙarinsa. Sai da ƙarfen jikin ƙofar ya ɓalle suka tura, ƙofar ta ƙi buɗuwa sosai, saboda mutum na kwance a bayanta.

Da kansa ya faɗo daga kujera, ya ja ciki da gwiwar hannu tun daga tebur har ƙofa, fatar wurin duk ta ɗaye. A bayansa kwamfutar na tuƙa hayaƙi, gefen kabad ya fara ci, wani ɗan harshen wuta na lasar bakin katifa. Mai walda ya sungume shi ya yi waje. Baba ya fizgi bargo ya danne wutar da jikinsa har ta mutu, tabon na nan a damtsensa na dama.

A ƙasa, bayan an ba shi ruwa, direban ya ba da nasa labarin da dusasshiyar murya. Ya daɗe da jin ƙaurin. Ya kashe kwamfutar, abin ya ci gaba. Ya miƙa hannu bayan kabad, bai kai ba. Ya kira matarsa, wayarta na cikin lokar ajiyar kaya a asibiti, ita tana ɗakin tiyata. Lambar mai walda kuwa ba shi da ita, tunda tun da aka hau da shi benen bai taɓa saukowa ba. Ya yi ihu har maƙogwaro ya gaji, injin ƙasa ya haɗiye ihun.

"Da na ji ana dukan kwaɗo, na ɗauka ɓarayin nan ne suka dawo," ya ce. "Wallahi murna na yi." Sai ya dubi tsohon da ke riƙe da ƙonannen hannu. "Amma Baba, kai wane ne?"

"Ni ne wanda ya sa maka abin da ya so kashe ka."

Kai ne, Baba, ka faɗi wannan magana alhali ba wanda ya tilasta maka. Da ka ce wutar mai walda ce ta jawo, kowa zai yarda, har shi mai waldan. Da ka zauna a shagonka ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba mai zuwa ya tuhume ka, tunda babu abin da ya haɗa ka da gidan nan sai abin da ke cikin kanka. Kai ne ka ƙi a kai ka a duba hannun, ka zauna a kan matakala kana jiran matar, kuma mai walda ya ce tsoron da ya gani a idonka a wannan zaman bai gaza na farko ba.

Ta iso da la'asar. Ta ga mutane a bakin gida, ta ɗaga kai ta ga baƙi a jikin tagarta, ta zube a ƙasa. Da ta hango mijin zaune a shagon walda da kofin ruwa a hannu, rarrafawa ta yi ta riƙe shi ta yi kuka mai isarta. Baba ya bari ta gama, sannan ya ajiye dunƙulen simintin a gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma gode masa ba a ranar. Makullin da ke hannunta take kallo, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ni na kulle shi." Ta rantse kwamfuta ba za ta ƙara kwana a gidanta ba. Mijin ya juya fuskarsa bango.

Baba ya ga wannan juyawar, kuma ya san ma'anarta. Hannunsa na naɗe da bandeji ya koma gidan da wata kwamfutar. Ya yage hatimin akwatin wutarta a gaban matar, ya kwance, ya nuna mata tagulla, ya ce garantin kamfani ya tafi, saura nasa. Ya zo da mai aikin lantarki aka fasa bango aka dawo da soket daidai hannun kujera, da babban makunni wanda ko ido a rufe za a lalubo. Ya ce kwaɗo na nan in suna so, amma makulli ɗaya ya zauna a wuyan mai walda. Aka ja waya daga kujerar zuwa shagon ƙasa, in direba ya danna sai jar fitila ta kunnu a gaban mai walda, tunda shi ba ya jin kira. Duk da haka sai da matar ta yi kwanaki tana kallon kwamfutar kamar maciji kafin ta yarda a kunna.

Dillalin ya yi layar zana, an neme shi sama da ƙasa an rasa. Kuma kwalin da ya kawo wa Baba ba shi kaɗai ya shigo da shi garin ba. Baba ya bi layin shago-shago da simintin a hannu. Wasu suka buɗe nasu suka yi salati, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Tun ranar bai ƙara ɗaga akwatin wuta ya ce "wannan" ba, kowanne sai ya buɗe, garanti ko oho. In ana hira ya ji ƙaurin taya a titi sai idonsa ya tafi saman benaye. Har yau bai san ɗakunan da sauran kwalayen suka shiga ba, kuma abin bai bar shi ya sake ba.

Makon jiya, da labarin rufe shagon ya bazu, wata tasi ta tsaya a bakin layi. Nas ta fito. Baba na hango farin kayan ya miƙe tsaye, sukundireba ta suɓuce daga hannunsa.

"Lafiya? Me ya faru?"

Kafin ta amsa, mai walda ya fito ta ɗaya ƙofar, ya sunkuya ya goyo direba a bayansa, ya ratso layin da shi har gaban teburin aiki. In ban da ranar wutar, wannan ce fitarsa ta farko.

"Lafiya lau, Baba," in ji direban. "Na ji za ka ajiye aiki, na ce ba labarina za a ba ka ba, gara ka gan ni da idonka. Ga ni. Jiya ma na kai kaya har bakin teku, ko kaza ban taka ba."

Baba ya kama hannunsa da hannu biyu. Da ya buɗe baki kuwa, abin da ya fito shi ne, "Kwamfutar ba ta ɗumi, ko?" Duk layin aka kwashe da dariya, har matar, tana yi tana share ido. Baba kuwa bai yi dariya ba. Sai da direban ya ce masa ba ta yi, sannan ya koma ya zauna.

Mun gode, Sarkin Tambaya, mai bin kayansa har bayan ƙofa. Mun gode da tambayoyin da suka kori masu saye, mun gode da gaskiyar da ka faɗa a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Allah ya ba ka hutun da ka kasa ba kanka, ya sanyaya maka zuciya.

Ku masu sayarwa, ku ari halinsa. Ku tambaya, ku buɗe ku gani, in kuma kun gane kun yi kuskure ku bi shi da ƙafarku tun bai riga ku isa ba. Ku masu saye, in ya zama dole ku rage, ku rage a fitila da gilashi, kada ku rage a akwatin wuta. Gobe kuma in za ku fita, kafin ku ja ƙofa, ku waiwaya ku dubi abin da kuka bari a jone a bango, ku dubi wanda kuka bari a ɗakin, ku tabbatar hannunsa zai kai.